Kafin Ka Danna Enter a Kan Direban Nvidia

Ɗan yayata ne ya shigo mini da laftof ɗinsa, ta hannu da ya saya a kasuwar Farm Centre ta Kano, mai katin hoto GTX 1650. Ya ɗora mata Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, wai zai koyi manhajar zanen 3D ta Blender, zai kuma taɓa harkar nan ta AI da kowane yaro ke magana a kai yanzu. Na leƙa ta bayansa sai na ga ya sauke wani fayil mai ƙarewa da .run daga shafin Nvidia, wato direba, manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da katin, ga waya a jingine wani yana bayani a YouTube, ya ninka saurin bidiyon don ba shi da lokacin saurare. Na ce, "Kai, dakata." Ya ce, "Kawu, ai daga wajen masu katin na ɗauko. Wa ya fi su sanin kayansu?" Hujjar da na ba kaina ke nan a 2014, ko wasali bai canza ba.

A lokacin ina ɗaukar hoton biki. Kwamfutata ta tebur ce mai katin GeForce, na ɗora mata Ubuntu 14.04 saboda na gaji da bairos ɗin da ke bin filash daga shagon wanke hoto. Komai yana aiki. In faɗi gaskiya, babu abin da ya lalace da har zan ce gyara na je yi. Direban da ya zo da tsarin, Nouveau, wanda masu sa kai suka haɗa ta hanyar bin diddigin yadda katin ke aiki, yana nuna mini hotuna lafiya lau. Bidiyo ne kawai ke ɗan tsattsayawa. Da kuma girman kai: ina so a ce ni ma na iya taminal, wajen da ake rubuta wa kwamfuta umarni.

Sai na sauke fayil ɗin da tsakar dare, lokacin da data ke araha. Ya ƙi shiga, ya ce sai na kashe allon shiga, na kashe lightdm mai kula da allon. Ya ce Nouveau ya tare masa hanya, na rubuta sunan Nouveau a jerin waɗanda aka hana tashi. A tsakiyar aikin wani gargaɗi ya fito a kan allo, na danna ci gaba ban gama karanta layin farko ba. Aka gama, na sake kunnawa, ga komai tas, bidiyo yana gudu sumul. Har abokai na kira su zo su gani.

Abin da ban sani ba shi ne direban yana da wani ɓangare da ake ginawa daidai da kanel ɗin da ke kan kwamfutar a ranar, wato zuciyar tsarin Linux. Kanel kuwa Ubuntu tana sabunta shi a kai a kai. Direban da aka ɗauko daga rumbun Ubuntu yana tafiya tare da sabuntawar, akwai wani abu da ake kira DKMS da ke sake gina shi duk lokacin da sabon kanel ya sauka. Nawa da na cusa da hannu babu mai kula da shi. Ranar da sabon kanel ya zo, na Nvidia bai tashi ba, Nouveau kuma ni da hannuna na ɗaure shi. Na kunna kwamfuta, allo baƙi ƙirin, sai ɗan farin layi a kusurwar hagu yana ƙyaftawa.

A cikin kwamfutar nan akwai hotunan bikin ƙanwata gaba ɗaya, tun daga kamu har kai amarya. Memorin kyamara kuwa na riga na share shi na je wani aikin.

Nan ne wautar take, ba a direban ba. Hotunan suna nan, ko ɗaya bai motsa ba. Baƙin allo yana nufin kwamfutar ta kasa nuna maka abin da ke ciki ne kawai, kamar a ɗauke wuta a ɗaki, gado da akwati suna inda ka bar su. Da na riƙe Shift lokacin tashi, jerin GRUB, inda ake zaɓar abin da kwamfuta za ta tashi da shi, zai fito, in zaɓi tsohon kanel, in shiga kamar ba a yi komai ba. Da na danna Ctrl da Alt da F1, zan samu wajen rubuta umarni. Kai, filash ɗin da na ɗora tsarin da shi ma yana da zaɓin gwada Ubuntu ba tare da ɗorawa ba, da shi zan kwashe hotunan in zuba a wani wuri. Ni kuwa gumi yana karyo mini, janareta na gab da shanye mai, na zaɓi a goge faifan gaba ɗaya a ɗora sabo, a tunanina gogewar tsarin kawai za ta shafa.

To amma a yi mini adalci. Wa zan tambaya da ƙarfe biyun dare? Masu gyaran da na sani a lokacin Windows suka iya, in ka ambaci Linux sai su ce a yi fomatin, maganinsu ke nan na kowace cuta. Bayanan da ke intanet duk Turanci ne, goma suna saɓa wa juna, wani na Ubuntu 10.04 ne amma bai rubuta ba. Kuma harkar katin hoto a Linux ta zamanin nan da gaske tana da wuya: a 2012, a Jami'ar Aalto ta Finland, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da kansa ya ɗaga wa Nvidia yatsa a gaban kyamara. Na daɗe ina fakewa da wannan labarin. Sai dai rigimarsu ce ta manya, ba su suka danna mini ci gaba a kan gargaɗin da ban karanta ba, ba su kuma suka goge faifan ba. Daga baya na bi da PhotoRec, manhajar dawo da fayilolin da aka goge, na tono abin da ya saura. Ya dawo da wasu, ba suna ba tsari, haɗe da dubban ƙananan hotunan shafukan intanet, wasu rabinsu launin toka. Na ɗaurin aure babu ko ɗaya. Ƙanwata ta ce, "Ba komai Yaya, haka Allah ya so." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma da na duba, kaɗan ne na gaske.

Kada ka taɓa fayil ɗin .run. A Ubuntu ka buɗe Software & Updates, ka shiga Additional Drivers, ka zaɓi wanda aka ce an gwada, shi ke nan. In kana son taminal don a gan ka, rubuta ubuntu-drivers devices ka ga abin da ya dace da katinka, sannan sudo ubuntu-drivers install. Bayan ka sake kunnawa ka rubuta nvidia-smi, in sunan katin ya fito an gama. Ku yanzu ma gata gare ku: tun 2022 Nvidia ta buɗe lambobin ɓangaren kanel na katunanta ajin Turing zuwa sama, kuma GTX 1650 yana ciki. Amma kuna da tarkon da mu ba mu cika faɗawa ba, Secure Boot, tsaron da ke hana direban da ba a amince da shi ba tashi. In aka ce ka ƙirƙiri kalmar sirri lokacin ɗorawa, kuma wani shuɗin allo ya fito bayan sake kunnawa yana maganar MOK, ka zaɓi Enroll ka sa kalmar. Ka tsallake shi, direban yana nan amma ba zai tashi ba. Na san za ku tsallake. Ku da ba kwa iya jiran bidiyon minti uku ya ƙare, ina za ku karanta shuɗin allo? A kwafo umarni daga ChatGPT da sudo mai ba shi cikakken iko a gabansa, a liƙa, a danna, ba a ma tambayi wane Ubuntu yake nufi ba. Mu aƙalla da hannu muke rubuta ɓarnarmu.

Kafin duk wannan, kwashe kayanka zuwa wani faifai na waje. Timeshift, mai ajiye kwafi don ranar ɓaci, yana da kyau, amma tsarin yake ajiyewa, ba hotunanka ba, sai in kai ka ce masa.

In kuwa kwamfutarka tana aiki, ka bar ta haka. Ko da yake, a gaskiya, duk abin da na iya a Linux daga lalatawa na koye shi, wanda bai taɓa zama gaban baƙin allo ba bai san GRUB ba. To ka lalata. Amma ka lalata wadda babu kayan kowa a ciki, kuma da rana, da caji. In allon ya yi baƙi, Ctrl da Alt da F3 a Ubuntu ta yanzu, ko tsohon kanel, ko ka ƙara nomodeset a layin GRUB don ka samu shiga. Duk wanda ya ce maka fomatin kafin a kwashe fayiloli, ka karɓi kayanka ka tafi, ko da ni ne.

Sannan ka fara duba abin da ke cikin injin da umarnin lspci kafin ka ƙona data. Na ga yaro ya yini yana neman direban Nvidia alhali katin Intel ne kaɗai a laftof ɗinsa, sitika ce kawai mai shago ya manna. In naka Intel ne ko AMD, direbansu yana cikin kanel da tarin direbobin Mesa tun ranar da ka ɗora tsarin, babu abin da za ka sauke.