Na sauke madubin bindiga mai 6-24, jiya dila ya faɗi

Alhamdulillahi, jiya da asuba abin ya yiwu. Wata uku ina fama a gandun tumakin nan na yammacin Texas inda mai wurin ya ba ni izinin shiga, sai jiya na kwantar da na farko. Dilan Amurka nake nufi, wanda suke kira koyote. Ya fi namu girma, kuma 'yan raguna yake ɗauke wa mutumin.

Ku da kuke shirin sayen madubin bindiga, ku ji abin da ya same ni. Dala 640 na zuba a kan mai 6-24x50, wato wanda ake murɗawa ya jawo abu kusa daga ninki 6 zuwa 24, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 50, a zatona yawan jawo abu kusa shi ne inganci. A filin gwaji ba laifi, bindigata ƙirar .223 tana tara harsashi uku cikin inci ɗaya a yadi 100. Amma takarda ba ta motsi. Shi kuwa dila idan ya ji kukan zomo daga na'urar da nake kunnawa don in jawo shi, zagayowa yake ta inda iska ke kai warinka, ya ɓullo a gefenka yana sassarfa. Sau biyu ya fito mini ƙasa da yadi 50. Na ɗora ido, ciyawa ce kawai ta cika madubi, ina lalube hagu da dama, kafin in kama shi ya shige ƙaya. Na biyun har hannuna rawa yake don takaici.

Abin da ya riƙe ni a kan 24 shi ne layukan da ke ƙasan giciyen saiti da ake gani a cikin madubin, na lissafin faɗuwar harsashi. A irin madubin da giciyensa ba ya girma idan ka murɗa, layukan nan ba sa faɗin gaskiya sai a lamba ɗaya, nawa a ta ƙarshe. Saboda tsoron kada ya tsaya a yadi 300 in rasa lissafi, sai nake zama a murɗe har ƙarshe, ga shi bai taɓa tsayawa can ba. Sannan ga duhu. Raba faɗin gilashi 50 da ninki 24, faɗin hasken da ke isa idonka bai wuce milimita 2 da ɗoriya ba, kuma da jijjifi suke yawo. Na yi ta zargin gilashi, ashe murɗin ne. Ko da na dawo kan 6, filin da yake nuna mini ya yi ƙunci ga dabbar da ke gudu a kusa.

Na sayar da shi dala 400, asarar ta yi mini ciwo ƙwarai. Na ɗauko wani madubin mai 3-15x44, na yi saiti a yadi 200, wato harsashi na hawa kusan inci ɗaya da rabi a yadi 100. Na bar shi a kan 4, na manta da layukan nan gaba ɗaya.

Jiya minti 12 da kunna kuka ya fito ta hagu. Na gan shi ɗungurungum, har da kan dutsen da ke bayansa. Na yi ɗan fito ya ja birki, ya ɗaga kunne, na matsa kunama. Yadi 70 na auna.

Saura zobban da ke ɗaure madubi a kan bindiga. Na tsohon madubin ne, sun yi tsayi, kumatuna ba ya zama daram a gindin bindiga. Asabar zan sa gajeru in sake saiti, wato wani kwalin harsashi ke nan.