Tsohon littafin MCSA bai mutu ba

Tun watan Janairun 2021 Microsoft ta daina ba da takardar shaidar MCSA, wato shaidar ƙwarewa a manhajojinta irin su Windows Server, amma littattafanta na Windows Server 2012 da 2016 har gobe suna da amfani. Active Directory (rajistar masu amfani da kwamfutocin ma'aikata) da DNS (mai mayar da suna adireshi) da DHCP (mai raba adireshi) da Group Policy (dokokin da ake shimfiɗa wa kwamfutocin) kusan yadda suke a littafin haka suke yau. Inda za ka yi hattara shi ne tsofaffin littattafan Linux: wanda aka rubuta kafin RHEL 7 (Linux na kamfanin Red Hat) na 2014 bai san systemd, mai tayar da ayyukan Linux, ba, kuma CentOS 7 ta daina samun gyara tun Yunin 2024. Ɗauki Rocky Linux ko AlmaLinux a madadinta.

Kayan gwada abin da ka karanta a gida ba sai masu tsada ba. Laftof na hannu daga kasuwar Banex a Wuse 2, Abuja, mai RAM 16GB da SSD, ya wadatar. Laftof ya fi kwamfutar tebur, domin in an ɗauke wuta batirinsa zai riƙe ka. Shiga BIOS (saitin da ake shiga yayin kunna laftof) ka kunna VT-x, in ba haka ba VirtualBox, manhajar da ke gudanar da wata kwamfuta a cikin laftof ɗinka, ba zai tayar da injin gwajin ba. Sauke Windows Server na gwaji, kyauta ne tsawon kwana 180, ka ba shi RAM 4GB a VirtualBox.

Kuskuren da ya fi yawa: a haɗa sabar DHCP kai tsaye da rautar gida, ta shiga raba wa wayoyin mutanen gida adireshi, intanet ya tsaya cak. Killace ta a Internal Network na VirtualBox. Idan kuma kwamfuta ta ƙi shiga domain, wato rukunin kwamfutocin da ke ƙarƙashin Active Directory, duba DNS ɗinta tukuna, sannan agogo, don Kerberos, tsarin da ke tantance masu shiga, ba ya lamuntar bambancin agogo tsakaninta da sabar da ya wuce minti 5.