Ina Uwar Karsanar Nan?

Ni ba makiyayi ba ne. Fatauci ya kawo kakana Garwa, a arewacin Kamaru, mahaifina ya yi cinikin goro, ni kuma hatsi nake aunawa a kasuwa. Tunanin 'ya'ya ne ya kai ni ga shanu. Kuɗi ba ya kwana a hannun ɗan kasuwa, yau suna, gobe asibiti, jibi wani ɗan'uwa ya zo da larura. Saniya kuwa in Allah ya sa mata albarka sai ta haihu, 'yarta ma ta haihu, kana zaune garke na taruwa. Da 'yar farina ta shiga makaranta sai na ƙudura a raina zan saya mata karsana, kafin ta isa aure ta zama tana da abin kanta.

Na yi wata da watanni ina tara kuɗin. Da kaka ta yi na shiga zagayen kasuwannin shanu na wajenmu, su Pitowa da Adumri da Ngong, ni kaɗai, ban gaya wa kowa ba. A ɗaya daga cikinsu wani dillali ya riƙo hannuna ya ce, "Alhaji, zo ka ga irin taka." Na gan ta kuwa. Ja ce mai ɗigon fari, da alamar jinin gudali a jikinta, fata na sheƙi kamar an shafa mata man shanu, tozo a tsaye, wuya kauri, ko haƙarƙari ɗaya ba ka gani. Dillalin ya ce ba ta taɓa haihuwa ba, ciki kawai take jira. Muka yi ta ja-in-ja har aka sallama a kan jaka 260 na sefa. Na biya la'ada, na karɓi takardar kasuwa, na sa aka kora ta zuwa rugar Baffa.

Baffa Bafulatani ne, aminin mahaifina tun suna samari, shi ya yarda zai riƙe mini ita cikin garkensa. Da muka iso bai ce komai ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya sa ɗansa ya riƙe ƙaho, ya buɗe bakinta ya duba. Ya koma baya ya ɗaga wutsiya, ya tsuguna ya shafa hantsa. Sannan ya miƙe ya ce, "Ɗana, ina uwarta?"

Na ce ban sani ba, a kasuwa na saya.

"Wa ya kawo ta kasuwa, me kuma ya sa ya kawo ta?"

Nan ma ba ni da amsa. Ya ce mini, "Mu muna sayar da bijimi, muna sayar da tsohuwa, muna sayar da wadda ciwo ya kama. Karsana mai ƙiba irin wannan in ka gan ta a kasuwa, ko dai babbar larura ce ta sami mai ita, ko kuma ya san wani abu da kai ba ka sani ba."

Ya kira ni kusa ya nuna mini haƙoranta. A ranar na fara sanin cewa saniya ba ta da haƙoran gaba a sama, dasashi ne kawai mai tauri. A ƙasa suke, guda takwas. Maraƙi na tasowa da ƙanana farare, na nono, sannan ya riƙa famfara biyu-biyu daga tsakiya, manya masu faɗi suna maye gurbinsu. A shanunmu masu tozo, biyun farko kan fito bayan shekara biyu, daga nan kowane biyu na biyo baya a hankali, baki ba ya cika da manya takwas sai wajen shekara huɗu zuwa biyar. Tawa tana da manya shida. Ke nan ta doshi shekara huɗu, ta yi damina aƙalla biyu a cikin garke mai bijimai, ba ta ɗauki ciki ba. Ƙibar da ta ja ni ita ce ma shaidar, don babu ciki ko shayarwa da ya taɓa cin jikinta. Ya nuna mini hantsar, kawunan nono ƙanana kamar na 'yar maraƙa. Ya nuna mini al'aurarta, tsukakkiya, da dogon gashi a ƙasanta. Ya ce wuyan nan da nake yabo wuyan sa ne, ba na mace ba.

Duk da haka ban fid da rai ba, Baffa ma ya ce a ba ta lokaci, Allah ne mai bayarwa. Saniya mai lafiya tana neman bijimi kusan duk bayan kwana 21, ta riƙa kuka, ta ƙi kiwo, ta tsaya a hau ta. Ɗan Baffa ya sa mata ido damina guda da rani guda, har wata daminar ta shigo, ko sau ɗaya ba ta tsaya ba. A ƙarshe na ɗauko likitan dabbobi a kan babur. Ya sa doguwar safar leda, ya zura hannu ta dubura ya lalubi mahaifa, ya daɗe. Da ya fito sai ya tambaye ni ko tagwaye aka haife ta da namiji. Ya ce idan mace da namiji suka kwanta ciki ɗaya, jijiyoyin jinin mabiyiyarsu kan haɗu, sinadaran jikin namijin su shiga jikin macen su hana mahaifarta girma. Cikin irinsu goma, wajen tara juya ne, kuma babu allurar da ke gyara su. Daga baya Baffa ya bi diddigi ta bakin 'yan'uwansa, ya gano garken da ta fito. Tagwaye ne kuwa, ita da maraƙi namiji. Duk rugar sun sani.

Na sayar wa mahauta da ita. Kuɗin saye ya kusa dawowa saboda tana da nama, amma kanwa da dusa da abincin angurya da na yi ta saye da rani, da ladan kiwo, duk sun tafi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar. Duk ranar da na dawo daga ruga sai ta tare ni a zaure ta ce, "Baba, saniyata ta haihu?"

Karo na biyu Baffa ne ya zaɓi lokaci, ya kuma zaɓi wuri. Ya ce ba da kaka ba, da kaka kowace dabba kyakkyawa ce. Sai a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40, ciyawa ta ƙone, karan dawa ya ƙare a gonaki. A lokacin ne ake gane wadda jikinta ke riƙe nama da wadda wahala ke kayarwa. Kuma ba kasuwa muka nufa ba. Ya ji labarin wani mutum a wata ruga ta wajen Adumri da zai aurar da ɗansa, hatsinsa kuma ya ƙare, yana neman sakin karsana ɗaya cikin biyu. Dalilin sayarwa ke nan a fili, kowa ya san shi.

Mun isa da sassafe kafin a saki shanu, kuma da gangan Baffa ya yi haka. Bayan gaisuwa mai tsawo da ƙwaryar kindirmo, bai nemi ganin karsanar ba, sai ya ce a nuna masa iyaye. Uwar ta farko farar saniya ce, tsohuwa, ƙahonta duk zobba. Haihuwarta biyar, huɗu na raye, ba ta taɓa ɓari ba, ba a taɓa ja mata ɗa ba, kuma matar gidan ta ce ko da rani ana samun abin tatsa a jikinta bayan maraƙi ya sha. Baffa ya sa aka tatse ta a gabanmu don ya ga ko duk kawunan nono huɗu na zubarwa, ya kuma ga ko tana harbi. Hali ma gado ne a wurin shanu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Uwar ta biyu ta fi kyan gani, 'yarta ma ta fi girma, ni da ita raina ya fi kwanciya. Amma Baffa ya tsaya a kan gwiwar uwar, inda wani kumburi ya taru kamar an cusa lemo a ƙarƙashin fata. Ya tambaya a hankali, mai garken ya amsa da gaskiya cewa ta zubar da ciki bara yana wata bakwai, mabiyiya kuma ta ƙi faɗuwa sai da aka yi magani. Fulani na kiran wannan ciwo bakkale. Yana sa ɓari a ƙarshen ciki, yana yaɗuwa a garke ta ruwan haihuwa da mabiyiya, 'ya na iya ɗauka daga uwa, mutum ma na kamuwa da shi ta ɗanyen nono, ya yi ta zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Baffa bai ƙara kallon karsanar ta biyu ba. Tun da garke ɗaya suke, ya kuma sa sharaɗi cewa ko wadda za mu ɗauka sai an ɗibi jininta an gwada kafin ciniki ya faɗa.

Sannan aka kawo 'yar farar. Ba ta cika ido ba, ana ganin haƙarƙarinta biyu na ƙarshe. A bakinta manyan haƙora biyu ne, na kusa da su sun fara girgiɗa, wato tana tsakanin shekara biyu da rabi zuwa uku. Baffa ya tsayar da ni a bayanta ya ce nan ne wurin tsayuwar mai sayen uwa, mahauci ne ke tsayawa a gefe. Ya ɗora tafin hannuna a kan ƙasusuwan ƙugunta biyu, sannan a kan ƙasusuwa biyu na gefen gindin wutsiya. Faɗin da ke tsakaninsu shi ne ƙofar da maraƙi zai bi. Kuturi mai faɗi da ya ɗan gangara baya shi ake so. Wadda bayanta ya tsuke kamar na akuya ita ce ake kwana a kanta ana jan ɗa, wani lokaci a rasa uwa da ɗa gaba ɗaya.

Ya sa na tsuguna da kaina na ƙirga kawunan nono. Huɗu, tsawonsu ɗaya, a rarrabe, fatar hantsar da laushi da naɗe-naɗe, alamar akwai wurin da zai buɗe in nono ya zo. Ya ce in matsa kowanne in ji ko akwai tauri ko tabo. Babbar kaskar nan mai zane a baya hantsa take so, kuma in ta daɗe a kan nono sai ta kashe shi tun karsana ba ta haihu ba, a zo ranar haihuwa a tarar da nono biyu kurum ke aiki. Kaskar nan da kirci tafiyarsu ɗaya, don haka ya bi bayanta da hannu yana neman ɓawon kirci a cikin gashi.

Sauran dubawar ba ta ɗauki lokaci ba. Hanci da danshi, ido garau, cikin fatar ido ja ba fari fat ba. Ƙarƙashin haɓa babu kumburin ruwa, wanda shanun da ke kiwo a fadamun Binuwai da bakin tafkin Lagdo kan yi in tsutsar hanta ta cinye su. Mun tarar tana tuƙa, kashinta ba zawo ba ne. Aka kora ta da gudu kaɗan, Baffa ya kasa kunne ko za ta yi tari, ya kuma duba sawunta a ƙasa. Kofaton baya na sauka inda na gaba ya tashi, gwiwoyin baya ba sa gogar juna. Saniyar da za ta yi tafiyar neman ruwa da ciki wata takwas, ƙafa ce jarinta.

A hanyar dawowa na tambaye shi me ya sa bai nema mini gudali ba, tun da sun fi nama da farashi. Ya ce gudalin Ngaundere saniyar tudu ce, ta saba da sanyi da doguwar damina, in aka sauko da ita kwarin Binuwai sai mai iya ciyarwa da hannu. Jajayen shanun Bororo kuma masu dogon ƙaho gwanayen tafiya ne, amma ba sa son turke, ba sa son baƙon hannu. Farar nan a ƙasar aka haife ta, ta san zafinta, ta san ƙudanta.

Gwajin jini ya fito lafiya. Na biya jaka 190. Baffa bai haɗa ta da garkensa ba sai bayan mako uku, a turke daban, da kwanon ruwanta daban. Aka ba ta maganin tsutsa, aka wanke mata kaska, da masu rigakafi suka zagayo aka yi mata allurar ciwon huhu, irin wadda LANAVET, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa, ke haɗawa a nan Bokle kusa da mu. Har ruwa ya sauka ina aika mata angurya da kanwa duk mako, don karsana ramammiya ba ta neman bijimi, jikinta kansa ke hana ta.

Da ciyawa ta kama sai ta murje. A tsakiyar Satumba ɗan Baffa ya ga ta tsaya wa farin bijiminsu, ya kira ni a waya, na rubuta ranar a bayan littafin bashi na shago. Bayan mako uku ba ta sake nema ba, bayan mako shida ma haka. Cikin saniya wata tara ne da 'yan kwanaki, sai na ƙirga ya faɗa ƙarshen Yuni.

Ranar wata Laraba da asuba wayar ta shigo. Ta haihu da kanta cikin dare, babu wanda ya taɓa ta, mabiyiya ta faɗi kafin gari ya waye. Na ɗauki yarinyar a bayan babur muka tafi, hanya duk taɓo. Mun tarar da 'yar maraƙa, fara mai baƙin kunne, tana tsaye da ƙyar tana tunkuɗar hantsa, uwar na lasar bayanta. Yarinyar ta tsuguna nesa kaɗan ta yi shiru tana kallo. Baffa ya fito daga bukka da sandarsa, ya leƙa ƙarƙashin uwar, ya matsa nonon ɗaya bayan ɗaya har huɗu, kowanne ya feso.