Yadda muka ceto soron kakanmu daga ruwa da siminti

Gidan kakanmu yana wani ƙauye a ƙasar Zazzau, arewa da Zariya, kuma ginin ƙasa ne tun daga zaure har ɗakunan mata. Bayan rasuwar mahaifinmu kowa ya kama gabansa, wasu Kaduna, wasu Kano, aka bar Gwaggo da jikokinta a sashe ɗaya, sauran ɗakunan aka garƙame su da kwaɗo. Waɗanda aka kulle ɗin su suka fara lalacewa. Da wata damina ta kayar da katangar baya, aka kira taron 'yan uwa, magana ta rabu biyu: masu cewa a rushe a sa bulo da kwano a huta, da masu cewa a gyara. Ni na fi kowa nacewa a kan gyaran, saboda haka ni aka ɗora wa aikin.

Samun magini shi ne wahalar farko. Birkiloli suna nan birjik, amma wanda ya san ginin tubali da ɗaurin azara sai an tona. Ta hannun Sarkin Magina na yankin aka haɗa mu da wani dattijo da ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Ranar da ya zo bai yi maganar kuɗi ba sai da ya zaga gidan ciki da waje, ya sa tsani ya hau soro, ya sauko ya tsuguna yana duba gindin bango. Da ya iso fuskar gidan sai ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Shekarun baya wani ɗan uwanmu ya sa an yi wa wurin filastar siminti, da kyakkyawar niyya, don a daina wahalar yaɓe. Ƙarar da ta fito ta holoƙo ce.

"Alhaji, ka ji ko? Babu komai a bayansa."

"Baba, ai nan ne ya fi ko'ina lafiya a ido," na ce masa.

Bai ja da ni ba. Ya karɓi guduma ya fasa wuri kaɗan. Simintin ya ɓalle falle guda, a bayansa ƙasa jiƙe sharkaf tana warin ruma, ga hanyoyin gara sun bi ta ko'ina, har da ƙananan saiwoyi farare. Tsakanin filastar da bangon hannuna yana shiga har wuyan hannu. Ya ce ginin ƙasa ba ya tsoron ruwan da ya sauka ya wuce, wanda ya sami wurin zama shi ke cinye shi. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita in rana ta fito. Siminti kuwa yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Kamar mutum ne ya sa rigar leda da bazara. Sannan ƙasa da siminti ba sa motsi tare a zafi da sanyi, don haka ko ba jima ko ba daɗe sai sun rabu.

Daga nan ya shimfiɗa mana yadda aikin zai tafi, kuma bai yarda an tsallake ko mataki ɗaya ba: a fara da sama, a koma gindi, sannan jikin bango, ado shi ne na ƙarshe. Ni kuwa hankalina na kan zanen ƙofar zaure, shi nake so in ga ya dawo. Sai da na jira wata da watanni kafin a taɓa shi.

Aikin ƙasa na rani ne. Magina da leburori duk manoma ne, ba mai kula ka sai an kai amfanin gona gida, kuma iskar hunturu ita ke busar da tubali. Ƙasar katangar da ta faɗi ba a zubar da ko kwando ɗaya ba, Baba ya ce tsohuwar ƙasar gini ta fi sabuwa. Ragowar aka haƙo daga kududdufin bakin gari, inda kakanninmu suka ɗebi ta farko. Ana jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a zuba ciyawa da kashin doki, a rufe a bar ta ta ruɓa, a sake jiƙawa a sake tattakewa. Sai ta yi danƙo ake mulmula tubali da hannu, gindi faffaɗa, kai a tsuke, a shanya. In ana gini, magini na zaune bisa bango, yaro na jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana jera su tsinin na kallon sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba a ɗora sahu da yawa rana ɗaya, sai na ƙasa ya sha iska. Abin da ya fi cin kuɗi a wannan matakin ba ƙasa ba ne, ruwa ne da ladan masu tattaka. Duk mai shirin irin wannan aiki ya fara lissafin inda zai sami ruwa a watan Janairu da Fabrairu.

A kan rufi muka fi daɗewa. Da aka yaye ƙasar saman ɗakin mahaifinmu, asabarin da ke ƙarƙashi ya zama gari, amma yawancin azarar tana nan daram, baƙa wuluk, ƙusa ma ba ta shigarta da sauƙi. Azara daga giginya ake tsaga ta, an fi son ta namijin giginya, kuma ɓangaren wajen itacen mai duhu shi ne mai ƙarfin da gara ba ta iya ci. Wadda ta ruɓe ita ce wadda bakinta ke daidai inda indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kai shekara da shekaru. Sabuwar da muka sayo sai da Baba ya zaɓe ta ɗaya bayan ɗaya, duk wadda fari ya yi mata yawa ya mayar. Giginya tana ƙaranci, tsadarta ta ba ni mamaki, kuma masu sayarwa sukan cusa ɗanya a tsakiyar ɗauri.

Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin wuri ya wuce kamar kamu huɗu, wato kusan mita 2. Wannan iyakar ita ta haifar da duk hikimar soro. In ɗaki ya fi haka faɗi, ko a kafa ginshiƙi, ko a riƙa turo azara daga bango hawa-hawa har tazarar ta ragu, ko a ɗaure baka, wato lanƙwasasshen gini mai siffar bakan harbi da ke ɗaukar nauyin rufi. Zaurenmu ɗaurin guga ne, bakuna sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, da tasa a manne a wurin haɗuwar. Na taso ina ganinsa ban taɓa sanin cewa a cikin kowane baka guntayen azara ne aka ɗaure da igiya, kowanne ya ɗan fi na ƙasansa karkata, aka lulluɓe da ƙasa. Baka ɗaya ya tsage. Baba ya tokare shi da itatuwa, ya buɗe wurin kaɗai, ya sauya azarar da ta gaji, ya ɗaure ya mayar. Bai yarda a sauke rufin duka ba. Ya ce wanda ya ɗaura wannan ya fi shi hannu.

Wannan ne ya sa na koma Masallacin Juma'a na Zariya da sabon ido. Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, shi ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. A shekarun 1970 aka yi sabon gini ya lulluɓe tsohon, amma bakunan suna nan a ciki, kuma akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ilimin da ke cikinsa shi ne a zaurenmu, girma ne kawai ya bambanta. 'Yan uwan da ke ganin ginin ƙasa alamar talauci ce na tura musu hotunan masallacin Yaama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya kuma sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, da na tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Hotunan sun ɗan yi aiki. Amma abin da ya sauya musu ra'ayi da gaske shi ne zuwan da suka yi a watan Afrilu, suka shiga zauren da azahar suka ji sanyi, alhali gidajen kwanon maƙwabta ba sa zaunuwa. Kaurin bangon ke hana zafin rana saurin ratsawa, sai dare ya yi yake sakinsa.

Bayan an mayar da asabari da ƙasa, an yi wa rufin gangare zuwa bakin indararo, sai maganar abin da zai hana ruwa shiga. A da laso ake sawa: katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini wanda ake busarwa a ƙone a daka, a haɗa da gashin akuya daga majema da ruwan dafara mai yauƙi. Marina sun mutu a yawancin garuruwa, in ban da irin ta Ƙofar Mata a Kano da 'yan kaɗan, saboda haka katsin da muka samu bai wuce na saman zaure da rawaninsa da zankwaye ba. A ɗakunan baya na yarda da shawarar 'yan uwa, aka ɗora kwano a kan rufin ƙasar, aka bar tazara iska na wucewa tsakani, bakinsa ya zarce bango sosai. Daga waje ba shi da kyan gani kamar soro tsantsa, wannan gaskiya ne. Amma ɗakin da ba kullum ake hawa a duba shi ba, gara a kare shi haka da a rasa shi. Indararo kuwa duka aka sauya su da dogaye, don ruwa ya zuba nesa da gindin bango.

Gindin ya zaizaye a wurare har ya yi kogo. Aka cike da tubali, aka ɗaga ƙasar da ke jikinsa ta gangara waje, aka buɗe rariyar tsakar gida da ta toshe, aka sake dakalin ƙofar gida, wanda ashe ba don zama kaɗai aka yi shi ba, yana tare ruwan da ke fantsama. Banɗaki da wurin wanka muka gina su da bulo a can ƙarshen fili, ba bututun ruwa ko ɗaya da ya ratsa tsohon bango.

Yaɓen waje da makuba aka yi. Ɓawon ɗorawa ne, bayan an cire gari da kalwa, ake jiƙa shi ya ba da ruwa ja mai duhu, a kwaɓa ƙasa da shi. Ɗorawa da bazara take nuna, mu kuwa da rani muke aiki, don haka da ba don Gwaggo ta bi gidaje ta tattaro wadda mata suka adana ba, da sai mun jira wata shekara. Yaɓen makuba yana ɗaukar 'yan shekaru kafin ya nemi sabuntawa.

Sai a lokacin aka zo kan zane. A saman ƙofar zaure akwai dagi, da takobi a kowane gefe, da keke a ƙasa, domin kakanmu yana cikin waɗanda suka fara sayen keke a garin. Simintin ya cinye rabin keken. Wani mai fenti ya kawo shawarar a zana sabo gaba ɗaya da fentin mai, kore da shuɗi da ja, irin wanda ake gani a fadoji yanzu. Na ƙi. Fentin mai yana toshe bango kamar yadda siminti ke yi, kuma hannun da ya yi na farkon shi nake so a gani. Muka samo wani tsohon hoto na ranar wani suna, inda ƙofar ta fito a bayan mutane, Baba ya bi shi ya cike inda ya ɓace da yatsunsa a ɗanyar ƙasa. Inda hoton bai nuna ba aka bar shi sumul.

Cikin ɗakuna Gwaggo ce ta karɓi ragama. Na so a sa tayil a ƙasa don sauƙin shara.

"Mai sunan Baba, tayil a ɗakin ƙasa? Laimar ta bi ta ina? Ka bar mu mu yi daɓe."

Ta tara matan unguwa, aka baza tsakuwa da ƙasa, suna yayyafa ruwan makuba suna bugu da madaɓi, suna waƙa, har ƙasan ya yi santsi yana ɗaukar ido. Bango aka shafe da farar ƙasa, wadda ke haskaka ɗaki ba tare da ta toshe shi ba. Tagogin ƙanana ne, na kuma bar su haka, domin faɗaɗa taga a bangon da ke ɗauke da nauyin rufin ƙasa neman tsaga ne. Wayar sola a cikin siririn bututu aka bi da ita ta saman bango, ba a fafe ko'ina ba, fitilun kuma aka sa su cikin alkukan da ake ajiye aci-balbal a da.

Kaya ba mu cika ba. A zaure tabarmi ne da buzu da tumtum biyu na fata. Manyan kujerun kushin da wani ya kawo gudummawa sai da aka fitar da su, sun cinye wurin, sun kuma jingina da bango suna tara laima a bayansu. Duk abin da za a ajiye a ɗakin ƙasa a bar tazara tsakaninsa da bango, a kuma ɗaga shi daga ƙasa, don a riƙa ganin gara tun tana fara hanya. A ɗakinta Gwaggo ta fito da jerenta na aure, tasoshin tagulla da kwanonin sha da fentinsu ya ɗan ɓantare, da ƙore da faya-fayai, ta jera su da kanta har kusa da rufi. Babu abin da za mu sayo a kasuwa da zai dace da ɗakin kamar su.

Saura mai zama. Ɗakin da ake kwana a ciki, ɗigo ɗaya in ya sauko an gani an toshe. Na kulle kuwa sai ya rufta ake sani. Wani ɗan ƙanenmu da ke koyarwa a firamaren garin ya tare a sashen mahaifinmu da iyalinsa. Muka buɗe asusun da kowa ke zuba wani abu duk shekara, kuma kafin ruwan farko a watan Mayu ake hawa soro a cire ciyawa, a share indararo, a liƙe duk wata tsaga. 'Ya'yan Baba ba wanda ya ɗauki sana'ar, saboda haka samari biyu daga cikin leburorin muka riƙa biya ladan koyo a ƙarƙashinsa. Ɗayansu ya riga ya iya jera tubali da yaɓe. Rani mai zuwa za a sake shigifa, kuma Baba ya ce a nan zai fara nuna musu ɗaurin baka.