CG ɗin Baba ya tashi bayan shekara tara a zaure

'Yan'uwa masu koyon taɓa ƙarfe irina, ga inda aka kwana kan babur ɗin nan da na ce sai na tayar. Honda CG125 ne na mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, tun 2015 yake jingine a zauren gidanmu na Ƙofar Marusa a Katsina, an lulluɓe shi da tsohuwar tabarma. In faɗi gaskiya, ba kewar Baba kaɗai ta sa na waiwaye shi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, 'yar motar tawa ta koma sai Juma'a-Juma'a. Ranar da na turo shi tsakar gida, Hajiya ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, wannan ai sai 'yan gwangwan."

Makon farko ban buga kik ba ko sau ɗaya, ko da yake ƙafata na ƙaiƙayi. Injin da ya daɗe a ajiye, mai ya gama tsiyayewa ƙasa, zoben fistin kuma yana iya mannewa da bangon silinda. Ka taka shi da ƙarfi, ka karya zobe ko ka karce bangon. Na kwance filogi, na zuba man inji kamar cokali ɗaya ta ramin, na bar shi kwana biyu. Sannan na danna kik ɗin da hannu a hankali. Ya juya, har na ji yana turo hannuna. Nan hankalina ya kwanta. Na juye tsohon baƙin mai, na wanke 'yar rariyar da ke bayan murfin juyewar da kananzir, na zuba sabo, kusan lita ɗaya.

Tanki kuwa, ina buɗewa warin tsohon fenti ya bugi hancina. Fetur ya bushe ya bar danƙo, tsatsa ta bi ƙasan. Na zuba notuna cikin hannu guda da kananzir, na yi ta girgizawa har kafaɗa ta gaji, na bi da ruwan kal ya kwana, na ɗauraye, na kifa shi a rana. Kada ku bar shi fanko bayan nan, tsatsa ba ta jiran gobe. Na kuma sa ƙaramar matatar mai tsakanin famfon tanki da kafireto, inda fetur ke gauraya da iska.

A kafireto ne na yi ɓarna, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan. Cikin kwanonsa akwai jet biyu, wato 'yan bututun da fetur ke bi ta raminsu: babba na gudu, da ƙarami da ke riƙe injin in yana tsaye. Ramin ƙaramin bai kai tsinin allura ba, danƙon ya toshe shi tsaf. Ni da wayona sai na ari allurar ɗinkin Hajiya na soka. Ya buɗe kam. Babur ya tashi a bugu na bakwai, yaran unguwa suka yi ta ihu, amma sai baƙin hayaƙi, yana tari, filogi kuma kafin minti goma ya koma kamar gindin tukunya. Kwana uku ina juya sukurun iska a banza. Da na kai wa wani dattijon bakanike a unguwarmu, ɗaga jet ɗin kawai ya yi ya leƙa ta hasken rana, ya ce, "Ɗana, da me ka soke shi?" Na ce, "Baba, allura ce." Ya yi dariya ya ce tagulla ce, ba ta jure ƙarfe, na faɗaɗa ramin, mai ya fi iska yawa. Dole na sayi sabo. In naku ya toshe, ku jiƙa shi ya kwana, ku hura da iskar mai faci, in ya ƙi ku zare sili ɗaya daga cikin wayar lantarki mai laushi ku bi a hankali.

Sauran ɓarnar ta baƙin zaure ce. Ɓeraye sun cinye soson matatar iska sun yi gado a gurbinsa, sun gutsure wayoyi biyu ƙarƙashin kujera, zanzaro kuma ya yi gini a bakin salansa. Batir ban ma tsaya gwada shi ba.

Saitin bawul na yi da safe inji na sanyi, tazarar 0.08 na milimita kowanne, filogi NGK D8EA, tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita. A nan na ƙara ganin girman wannan inji. Honda ta fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashen da ba a cika yi wa babur sabis kan lokaci ba, shi ya sa sanduna ne ke tura bawul ɗinsa, babu sarƙar taimin da za ta saki. Injin da kowa ke tsoro, shi ne bai ci mini kuɗi ba.

Roba ce ta cinye aljihuna. Tayoyin suna da zane kamar sababbi, amma gefensu duk tsaga. Ku duba lambobi huɗu na ƙarshe a jikin taya: nawa 2313 ne, wato mako na 23 na 2013. Na canza su da tub ɗinsu. Takalmin birkin baya ina buɗewa fatarsa ta faɗo da kanta, gam ɗin ya mutu. Da na hau titi haka, da labarin ya sha bamban. Sarƙa ta sha kananzir da mai, na bar mata sassauci kamar santimita biyu.

Jiya bayan La'asar na zagaya ta Gobarau, na fita Ƙofar Ƙaura na dawo. Giya na shiga lafiya, sai dai shokin gaba na hagu yana zubar da mai, fitila tana lumshewa in na sassauta wuta, takardu kuma duk sun mutu. Ina so in yi kilomita 500 a cikin gari in sake juye mai kafin in yi tunanin hanyar Daura. Hajiya dai ta riga ta aike ni cefane a kansa yau da safe.