Babbaƙun Yidish a titin Lee

A unguwar Williamsburg ta Brooklyn, inda na samu aikin jera kaya a wani kantin kayan abinci kusa da titin Lee, rubutun Yidish, harshen Yahudawan Gabashin Turai, na neman rinjayar na Turanci. Yana jikin motocin makaranta masu launin ruwan ƙwai, yana kan takardun da ake mannawa a turakun fitila, yana kan kwalayen da nake saukewa. Yawancin mazauna wannan ɓangaren unguwar Yahudawa ne mabiya ɗariƙar Satmar, waɗanda kakanninsu suka taho daga Hangari da Romaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin yaƙin masu jin Yidish sun kai kimanin miliyan 11, kuma mafi yawan Yahudawan da aka hallaka masu jin sa ne, shi ya sa waɗannan ba sa wasa da shi. Da shi yaransu ke buɗe baki.

Wani saurayi mai riƙe da lissafin kantin ne ya fara rubuta mini haruffan a bayan kwali, lokacin hutun cin abinci. Haruffan Ibrananci ne, daga dama zuwa hagu, kuma duk wanda ya taɓa riƙe allo ba zai ji su baƙi ba. Alef, beys, giml, daled: jerin abajada ne sak. Shin ma da haƙoranta uku. Haruffa biyar suna sauya kama idan suka zo ƙarshen kalma, abin da ke rikita Turawa masu koyo, mu kuwa tun muna yara muka saba. Sun ari haruffan littafin addininsu sun rubuta harshen gida, yadda malamanmu suka yi da ajami.

Inda suka fi mu sauƙi shi ne wasula. Babu zaman farfaru daban, domin wasulan ma haruffa ne a cikin layi. Ayin, wadda ɗan allo zai so ya matso ta daga maƙogwaro, "e" ce kawai. Yawancin kalmomin kuma tushensu Jamusanci ne, yadda aka rubuta haka ake faɗa. Sai dai a yi hattara da daled da reysh, waɗanda ɗan lanƙwasa ne kaɗai ya raba su.

Wahalar tana wajen kalmomin da suka fito daga Ibrananci, kuma su ne suka cika sanarwa. Waɗannan ba a cika rubuta wasulansu ba. Ranar hutunsu ta Asabar haruffa uku ce rak, amma a baki "shabes" ce. Babu wata dabara, sai hadda.

Littafin da na saya yana bin ƙa'idar YIVO, cibiyar nazarin Yidish, wadda aka kafa a Vilna (Vilnius ta Lituwaniya a yau) a 1925, ta dawo Niyok a 1940. Yana da ɗigo da layi a duk inda ake buƙata. Jaridun unguwar, Der Yid da Der Blatt, ba su damu da yawancin alamomin nan ba, kuma abin da littafi ya ce "vos" mutanen unguwar "vus" suke cewa. A ganina littafin na haruffa ne kawai. Da sun zauna, a koma karatun bango.

Wani dattijo ɗan Kumasi da muke salla tare a Bronx ya tambaye ni, "Yaro, me za ka yi da rubutun Yahudu?" Na ce, "Baba, can nake neman abinci." Ana biya na ne bisa awa, kuma a takardun bangon nan nake gane ƙarfe nawa za a rufe ranar Juma'a, da ranakun da kanti zai kasance a kulle a bukukuwan Peysekh da Sukes, sai in nemi wani aikin tun da wuri.

Yanzu rubutun hannu ne a gabana. Matan unguwar da shi suke aiko jerin cefane, kuma haruffansa kusan duk sun sha bamban da na ɗab'i, don haka saurayin ya sake ɗauko wani kwalin.