Gwangwanin tara a ajin Ingilishi

A Oktoban 2018 aka fara damƙa mini ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Tawa, wanda muke kira tarminal, kuma ɓangaren A, na masu adabi da harsuna. Kafin nan na daɗe ina fama da 'yan kolej, wato ƙaramar sakandare, masu koyon gaisuwa da sunayen ranakun mako. Yanzu ga ni gaban samari da 'yan mata 58, wasu har da gemu, waɗanda a ƙarshen shekara za su zauna jarrabawar BAC, ta kammala sakandare. A ɓangaren A, Ingilishi ba darasin cike gurbi ba ne kamar yadda wasu 'yan C da D, masu lissafi da kimiyya, suke ɗaukarsa. Makinsa yana ɗaga yaro, yana kuma kayar da shi. Da gangan nake cewa Ingilishi, don a wajenmu in ka ce Turanci, rabin masu saurarenka Faransanci za su ɗauka.

Ana gobe komawa lakwal na zauna da fitila na rubuta dokoki 14 a takarda guda, duka da Ingilishi, na kai aka buga mini da kuɗin aljihuna. Ba shiga bayan ƙarfe takwas. Ba salula. Aikin gida kowace Litinin, wanda bai kawo ba sifili. Wanda aka kama ya kwafa, sifili shi da wanda ya ba shi. Kowa ya karanta shafi kaza a mako. Amma wadda na fi alfahari da ita ita ce ta farko: daga bakin ƙofa ba Hausa, ba Faransanci, ba Zabarmanci, ba Buzanci. Wanda bakinsa ya suɓuce zai jefa dala biyar a gwangwanin madara da na ajiye kan tebur.

Hujjata ina ganin mai ƙarfi ce. Yaran nan tun ajin farko na kolej suke Ingilishi, wannan shekararsu ta bakwai ke nan, kuma mafi yawansu ba su iya tambayar hanyar tasha. A gida Hausa, a kasuwa Hausa, sauran darussa duka da Faransanci. In ba a awoyin nan nawa suka yi magana ba, a ina za su yi?

Mako uku aka yi gwangwani yana ƙara. Daga nan ya yi shiru, aji ma ya yi shiru. In na yi tambaya sai kowa ya sunkuyar da kai cikin kaye, kamar ruwa ya cinye su. Wanda bai gane ba ba zai tambaya ba, don tambayar da Ingilishi ba ta zo masa, da Hausa kuma kuɗi ce. Na riƙa fita ina gaya wa abokan aiki cewa ban taɓa samun aji mai ladabi irin wannan ba.

Mutum ɗaya ne bakinsa bai mutu ba, wani dogo da ke zama a bencin ƙarshe, 'yan aji suna ce masa ɗan Legas. Kamar yawancin gidajen Adar, wato yankin nan namu na Tawa, nasu ma maza bida suke tafiya, shi kuma duk hutun damina yana can wajen yayansa mai teburin shayi. Ya dawo da buroka a baki, ba kunya ba tsoro. Ranar da na tambayi abin da suka yi da hutu, ya miƙe ya zuba mini labari na kusan minti biyu: yadda ruwa ya ci titi, yadda suka ɗauke tebur a ka. Kowace jimla akwai abin gyara a cikinta, ni kuwa ban bar ko ɗaya ta wuce ba. Yana faɗa ina tsayar da shi, aji na dariya. Da ya gaji sai ya ce da Hausa, «Tica, to ka bari in ƙare mana.» Na nuna masa gwangwani. Ya taho a hankali, ya jefa dala biyar ɗinsa, ya koma ya zauna. Daga ranar har aka yi wata guda ban sake jin muryarsa ba.

Jarrabawar farko da na yi musu ita ta tona asiri. Cikin 58, waɗanda suka kai 10 bisa 20 ba su cika hannu biyu ba. Na kai kukana wajen wani dattijon malami da ya kusa ritaya. Shi a hannun Amurkawan Peace Corps ya koyi Ingilishi, masu aikin sa kai waɗanda suka fara zuwa Nijar a 1962 suka tattara kayansu a Janairun 2011, kuma har yau in ya yi magana sai ka ji kamar rediyo. Ya karanta takardar dokokina tun daga sama har ƙasa, ya cire tabarau ya ce, «Ƙanena, kai aji kake so ko maƙabarta?» Sannan ya tambaye ni ko a firamare an taɓa rataya mini sambol.

An taɓa, ba sau ɗaya ba. Wanda bai yi lakwal ta da ba, sambol wani abu ne da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi harshen gida. A tamu makarantar ƙashi ne aka ɗaura wa igiya. Kana ɗauke da shi kana kasa kunne ko wani zai yi suɓul da baka ka miƙa masa, wanda ya kwana da shi kuma ya sha bulala. Abin da ya koya mana shi ne rufe baki da sa wa juna ido. Na tsani abin nan tun ina yaro, ga shi na dawo da shi da hannuna, na sauya masa suna kawai.

Ban fasa dokar nan take ba, girman kai bai bari ba. Abin da ya ƙarasa ni wata safiyar Laraba ce. Tayar babur ɗina ta yi faci a hanya, na iso takwas da kwata ina gumi. Na tarar da ƙofar aji a rufe. Na ƙwanƙwasa, sai shugabar aji ta leƙo ta taga, yarinya mai natsuwa wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta ce da Ingilishinta tsaf, ba kuskure ko ɗaya, wai doka ta biyu ta ce ba shiga bayan ƙarfe takwas. Aji ya ɗauki shewa. Raina ya ɓaci, amma me zan ce? Jimla mafi kyau da na ji a ajin tun Oktoba ita ce wadda aka kore ni da ita. Na tsaya a rana minti biyar cur kafin ta buɗe.

A tsayuwar nan na tuna waɗanda na sha rufe wa ƙofa. Akwai 'yan ƙauye da ke zaune gidan mai masauki, ba sa fitowa sai sun cika randuna. Akwai 'yan matan da sai sun yi shara sun dama koko. Na kuma tuna takardunsu na aikin gida, tuli uku a ɗakina, wasu sun fi wata ban duba ba, ni da nake ba da sifili ga wanda ya makara da kwana ɗaya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Washegari na shiga da alli kawai. Na ce yau da Hausa za mu yi, kuma ba tara. Na tambaye su wace doka ce ta fi cutar da su. Awa guda muka yi, aka gaya mini abin da ban so ji ba. Abin mamaki, ba wanda ya nemi a rage aiki. Abin da suka fi kuka da shi dariya ce, da gyaran da nake yi wa mutum yana tsakiyar magana.

Dokokin da muka fito da su ba su kai rabin na farko ba, kuma biyu a kaina suke. Ingilishi ne harshen aji, amma wanda ya maƙale yana da damar ɗaga hannu ya yi tambaya da harshen da ya iya, da sharaɗin in an ba shi amsa ya maimaita tambayar da Ingilishi. Mai magana ba a katse shi, ni ma ban da iko. Ina rubuta kurakurai a gefe, in ya gama mu ɗauki biyu ko uku, ba duka ba. Wanda ya yi wa wani dariyar kuskure shi zai karɓi magana nan take. Ƙofa tana rufuwa takwas da minti goma, a kan kowa har da ni. Aikin da aka ba ni Litinin, in Litinin ta zagayo ban maido ba, kowa ya samu ƙarin maki ɗaya. Wannan ta ƙarshe ta hana ni barci dare da yawa, kuma ita ta sa na rage yawan aikin da nake bayarwa na ƙara masa nauyi: gara rubutu ɗaya a mako biyu, a gyara a sake rubutawa, da huɗu da ba wanda ya duba.

Da baki ya buɗe sai na fara jin inda ciwon yake, abin da shiru ya ɓoye mini. Bahaushe p da f duk ɗaya ne a bakinsa, sai da muka yi ta riƙe takarda gaban leɓe muna kallon wadda ke kaɗa ta. 'Yan Zabarmawan ajin ba su da wannan matsala sosai, tasu ita ce he da she, don harshensu ba ya raba namiji da mace a nan, abin da ɗan Hausa ko a barci ba ya kuskurewa. Kowa da kowa kuma Faransanci na yi masa shigar sauri: a rubuta «I have 19 years», a ce library ana nufin kantin littattafai. Wata rana na sa su jero kalmomin gareji da na tasha: birki, taya, giya, direba, fasinja, tikiti. Da suka gano duk Ingilishi ne ya shigo ta Najeriya ya sa rigar Hausa, sai ka ga fuskoki sun saki. Ƙonni tana nan kusa da mu, Illela na tsallake. Harshen da suke ɗauka na wata duniya ne ashe kakanninsu sun daɗe suna cinikinsa.

Dokar kwafa ce ta fi ba ni wahala, har yau ban ce na gama da ita ba. Salula ta sa yaro zai rubuta da Faransanci, na'ura ta juya masa, ya kawo maka Ingilishin da kai malamin sai ka buɗe ƙamus. Sifili bai hana ba. Abin da ya ɗan yi aiki shi ne na ce duk wanda ya kawo rubutu, zan iya kiransa ya karanta sakin layi ɗaya a gaban aji ya faɗi ma'anarsa da Hausa. Wata yarinya ta kawo rubutu kan auren wuri mai kyan gaske, na ce ta karanta, ta kai kalma ta huɗu ta tsaya. Ban ce komai ba, na ba ta alli na ce ta rubuta jimla uku nata na kanta a allo. Guntaye ne, biyu da kuskure, na ba ta maki a kansu. Mahaifinta ya zo washegari da zafi, «Malam, mi ɗiyata ta yi aka tozarta ta?» Na nuna masa takardun biyu, na ce ranar BAC ba a shiga da salula, waɗannan guntayen su za su shiga da ita. Ya daɗe yana kallon takardar, ko da yake bai iya karanta ta ba, sannan ya ce in ci gaba.

Ba zan ce ajin ya zama abin nuni ba. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, rufin kwano na huci, ba dokar da ke hana yaro gyangyaɗi ƙarfe goma sha biyu. Yajin aiki, namu da na ɗalibai, ya ci mana makonni. Da sakamako ya fito wasu sun samu, wasu sai a zagaye na biyu, wasu sun faɗi. Shugabar ajin ta tafi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ta karanta Ingilishi. Ɗan Legas ya samu da ƙyar. A rubutu har ƙarshe bai rabu da buroka ba, amma muhawarar da muka yi kan tafiya bida shi ya ɗauke ta, kusan minti biyar yana magana ba wanda ya tsayar da shi.

A Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Tun daga nan iyaye sun fi tambayata yadda yaransu suke a Ingilishi, wasu har suna cewa in matsa musu, in hana su Hausa a aji gaba ɗaya. Nakan ce na taɓa gwadawa.

Kuɗin tara da muka ƙirga a ƙarshen waccan shekara jaka ɗaya ce da 'yan kai. Aji ya yanke a sayi ƙanƙara da lemu ranar rabuwa. Gwangwanin yana nan kan teburina, guntayen alli nake zubawa a ciki.